Shekara biyu a jikin bindiga ɗaya: ta 1944 ce ko ta 1953?

Jikan Ɗan Bama, Ringim:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina na wannan zaure. Ina roƙon a ƙara mini haske a kan wata tsohuwar bindigar soja. Yayana da ke zaune a Ingila yana tara kayan yaƙin duniya na biyu, saboda kakanmu yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da aka kai ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, kuma kwanan nan ya sayi wata Lee-Enfield irin wadda aka kashe ta yadda ba za ta ƙara fitar da harsashi ba, tare da takardar shaida daga gidan gwajin bindigogi na Birmingham. Wanda ya sayar masa ya ce ta je yaƙin Bama, har ya ƙara da cewa wataƙila sojojinmu ne suka riƙe ta. Da ya turo mini hotunanta sai na tarar da shekara biyu a jikinta. A gefen hagu na zoben ƙarfen da ya haɗa gindin da sauran jiki an buga M47C, a ƙarƙashinsa 1944, sannan lambar bindigar. A gefen hagu na ƙarfen tsakiya kuwa, wanda sakata ke gudu a cikinsa, akwai siririn rubutu kamar da tsinin allura aka yi shi, yana cewa No 4 MK 1/2, sai harafin F, sai FTR, a ƙarshe kuma 53. Katakonta fari ne sumul, ƙarfen kuma yana sanye da baƙin fenti. Wace shekarar ce tata ta gaskiya, kuma maganar Bama tana da tushe ko kuwa daɗin bakin ɗan kasuwa ne?

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam. Kafin masana su shigo, ya kamata kowa ya san cewa dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sanya bindigogin soja masu cin harsashin .303 cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallakar su sai da izinin shugaban ƙasa. Ba ɗaya suke da bindigar toka ta mafarauta ba, wadda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta. Saboda haka maganarmu za ta tsaya a kan tarihi da karatun tambari, kuma ba za a bar wani ya yi talla ko ya tambayi inda ake samu ba. Wanda ya tarar da irinta a cikin kayan gado, ya sanar da dagaci ko hakimi su raka shi wurin hukuma.

Baba Mai Ritaya, Birnin Kudu:
Ɗana, jikana ne yake rubuta mini wannan, ni ina faɗa masa. Irin wannan bindiga, wato No 4 ɗin da ka gani a rubuce, ita muke kira Mak 4, kuma na daɗe ina kula da irinta a ɗakin ajiyar makamai inda na yi aiki. Duk shekarun biyu gaskiya ne, sai dai kowace da abin da take faɗa. 1944 ita ce shekarar da aka ƙera ta, kuma M47C alama ce ta masana'antar BSA da ke Shirley kusa da Birmingham, domin a lokacin yaƙi Turawan Ingila sun riƙa buga lambar sirri a maimakon sunan masana'anta. Rubutun nan siriri kuwa da alƙalamin lantarki aka yi shi. FTR na nufin an mayar da ita masana'anta an yi mata garambawul, harafin F na nufin masana'antar gwamnati ta Fazakerley da ke Liverpool, 53 kuma ita ce shekarar da aka yi aikin.

Garambawul ba shafa fenti ba ne. Kwance bindigar ake yi gaba ɗaya har zuwa ƙaramin noti, a auna kowane ƙarfe da ma'auni, wanda ya ci a jefar da shi, a sa sabo ko wani mai lafiya daga wata bindigar, a sake rufe ƙarfen da maganin tsatsa da baƙin fenti, a sa sabon katako, sannan a gwada ta. Abin da ba ya canzawa shi ne ƙarfen tsakiyar nan, wanda ni nake kira uwar bindiga, kuma shi ke ɗauke da sunanta da lambarta. Kamar keke Raleigh ne na iyayenmu: a canza taya, a canza sirdi, a canza kaca da ƙaho, amma lambar da ke jikin firam ita ake dubawa idan ana son sanin keken.

Ka lura da MK 1/2 ɗin nan, domin shi ne babbar shaida. Ita No 4 samfuri-samfuri ce. A samfurinta na farko, Mak 1 ta lokacin yaƙi, kunamar tana rataye ne a jikin ƙarfen da ke kare ta, shi kuma a kan katako yake ɗaure. Idan damina ta yi katakon ya kumbura, idan hunturu ya kama ya bushe ya tsuke, sai nauyin jan kunamar ya riƙa canzawa a hannun soja. Daga 1949 suka fito da Mak 2, wadda kunamarta ke rataye a jikin uwar bindiga kanta. Tsofaffin Mak 1 da aka mayar zuwa wannan sabon tsari su ne aka rubuta wa 1/2, masu tauraro bayan lambar 1 kuma, waɗanda aka ƙera a Long Branch ta Kanada da kamfanin Savage na Amurka, aka rubuta musu 1/3. Wato babu bindigar da aka taɓa ƙerawa tun farko a matsayin 1/2. Ka ce wa yayanka ya duba ƙarshen katakon ƙasa ta wajen kunama. Idan akwai noti da ya ratsa katakon daga wannan gefe zuwa wancan, to rubutun da aikin sun yi daidai.

Alhaji Ɗan Kasuwa, Maigatari:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Na fahimci bayanin, amma ni zuciyata ba ta kwanta ba. Idan katakon na 1953 ne, fentin na 1953 ne, kunamar ma an sake mata mazauni, wataƙila har bututun sabo ne, to me ya rage na 1944 in ban da guntun ƙarfe ɗaya? Mutumin da ya biya kuɗinsa don ya mallaki abin da soja ya riƙe a daji, ba a ba shi abin da ya biya ba, domin hannun sojan bai taɓa wannan katakon ba. A kasuwa irin wannan kwaskwarima muke ce masa, kuma farashinsa ƙasa yake yi. Sannan ina da wata tambaya. Rubutun alƙalamin lantarki abu ne da duk mai ɗan injin zane zai iya yi a shagonsa. Ta yaya za a san na masana'anta ne, ba wani ne ya zauna bara ya rubuta shi ba?

Maƙeri, Ɓaɓura:
Ranka ya daɗe Alhaji, tambayarka ta biyu ta shigo ɓangarenmu. Ni ban san tarihin Turawa ba, amma na san yadda ƙarfe ke nuna abin da aka yi masa. Idan aka ɗora hatimi a kan ƙarfe aka buga da guduma, naman ƙarfen ba ɓacewa yake yi ba, tashi yake yi ya yi ɗan leɓe a gefen kowane harafi, har idan ka shafa da farce za ka ji shi. Idan daga baya aka goge wurin don a sake fenti, leɓen nan yana kwantawa, bakin haruffan ya yi laushi, fentin kuma ya zauna a cikin ramin. Saboda haka tsohon tambari a bindigar da aka yi wa garambawul dole ya fito a dushe, kamar an ɗan shafe shi. Idan ka ga 1944 ta fito da kaifi, da farin ƙarfe yana ƙyalli a cikin ramin, fentin gefenta kuma ya tsattsage, to bayan fentin aka buga ta, kuma a nan ne mutum zai tsaya ya yi tambaya.

Haka rubutun allurar nan. Idan yana ƙarƙashin fenti, fentin ya bi shi ya rufe shi bai ɗaya da sauran jikin, to tare aka yi su. Wurin da aka kankare tsohuwar lamba da zarto kuma ba ya ɓoyuwa, sai dai ba a ganin sa idan haske ya faɗo ta sama. Malam na Ringim, ka ce a kashe fitilar ɗaki, a kwantar da tocila a gefe yadda haskenta zai bi saman ƙarfen a kwance, sannan a ɗauki hoton. Duk inda aka ci ƙarfe zai fito da ɗan kwari da inuwa, kuma layukan zarto za su bayyana. A kuma gwada siffar lambobin da juna, domin hatimin 4 ko 7 na wata masana'anta ba ya zama daidai da na wata, kuma mai bugawa da hannu a shago da wuya ya jera lambobi su tafi a layi ɗaya da zurfi ɗaya.

Malama Mai Nazarin Kayan Tarihi, Gwaram:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, akwai gaskiya a maganarka ta farashi, domin masu tarawa sukan fifita bindigar da ta tsira da kayanta na asali ba a taɓa ta ba. Inda ban bi ka ba shi ne haɗa garambawul da kwaskwarima a ƙwarya ɗaya. Garambawul aikin rundunar da ta mallaki bindigar ne, tana cikin hidima aka yi shi, kuma su da kansu suka rubuta wuri da shekara a jikinta don kada a ruɗe. Wannan ya zama wani babi na tarihinta. Akwai kuma gyaran yau da kullum na mai kula da makamai a bariki, wanda zai canza abin da ya karye ba tare da ya rubuta komai ba, kuma shi ya sa da wuya a sami bindigar da ta yi dogon aiki duk kayanta na masana'anta ɗaya. Kwaskwarima ita ce wadda ɗan kasuwa ya yi bayan bindigar ta bar hannun gwamnati, don ya sa ta yi kama da abin da ba ita ba.

Misalin da ya fi shahara shi ne gajeriyar No. 5, wadda aka yi don yaƙin daji. Masana'antu biyu kaɗai suka ƙera ta, Fazakerley da BSA ta Shirley, daga 1944 zuwa 1947. Da ta yi farin jini a kasuwar Amurka, sai wasu kamfanoni suka riƙa yanke dogayen Lee-Enfield suna sa musu bakin mazurari suna sayarwa da sunanta. Ta gaskiyar an rarake ƙarfe daga uwar bindiga da gindin bututu don rage nauyi, kuma da an ɗaga katakon sama ake ganin wuraren. Idan aka ga gajeriya mai tambarin Kanada ko na Savage, magana ta ƙare, yankakkiya ce.

Akwai wasu ƙananan tambura da ya kamata yayan Malam ya nema. Kan kibiya mai layi uku alama ce ta kayan gwamnatin Ingila. Kibiya biyu da suka haɗa kai suna nufin gwamnati ta sayar da ita. DP na nufin an cire ta daga harbi an bar ta don fareti da koyarwa kawai. Kambi da haruffan BNP kuwa tambarin gwajin farar hula ne na Birmingham, wanda ake bugawa tun tsakiyar shekarun 1950, kuma yana nuna ta shiga kasuwa bayan ta bar soja. Ba Ingila kaɗai ke da wannan al'ada ba. Tarayyar Sobiyet ta yi wa Mosin-Nagant ɗinta garambawul bayan yaƙi da yawan gaske, ta buga musu ɗan murabba'i mai layi a karkace, ta daidaita lambobinsu da alƙalamin lantarki. Roƙona ɗaya shi ne kada a goge ta da yashi ko a sake mata fenti don ta yi kyau, domin duk gogewa ɗaya tana tafiya da wata shaida da ba za ta dawo ba.

Jikan Ɗan Bama, Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na isar da saƙonninku kuma sababbin hotuna sun iso. Notin da Baba ya ambata yana nan ya ratsa katakon. A hoton tocila, 1944 da M47C sun fito a dushe, fenti ya cika ramukansu, kamar yadda Maƙeri ya kwatanta. Lambar da ke bayan hannun sakata ta yi daidai da ta jikin bindigar, amma wurin yana da ɗan kwari, alamar an kankare wata lamba kafin a sa wannan. Da ya cire katakon sama ya tarar da F53 a gindin bututu. Saitin baya irin dogon nan ne mai ɗan abin murzawa a kansa, shi ma da harafin F. A kan sakatar akwai lamba 1 ita kaɗai, kuma akwai BNP kusa da bakin bututu. Wannan kwarin na hannun sakata shi ya fi damun yayana.

Baba Mai Ritaya, Birnin Kudu:
Ɗana, ka kwantar masa da hankali. A wurin garambawul ba a ajiye sakatar kowace bindiga a gefenta ana jira, wadda ta dace da ma'auni ita ake ɗauka, a share tsohuwar lambarta a sa ta wannan bindigar. Dalilin sa lambar tun farko shi ne kowace sakata da bindigarta ake daidaita ta, kuma idan sojoji goma suka zauna a kan tabarma ɗaya suna wanke makamansu, lambar ce ke hana a yi musaya. Lamba 1 da ya gani a kan sakata ba shekara ba ce, ba kuma lambar bindiga ba ce. Kan sakatar Mak 4 girma huɗu ne, daga 0 zuwa 3, kowane ya ɗara na baya tsawo kaɗan, kuma da su muke cike tazarar da ke tsakanin sakata da gindin harsashi idan bindiga ta fara tsufa.

F53 ta nuna bututun ma sabo aka sa mata a Fazakerley. Saitin da ka kwatanta shi ne mai kyau, wanda aka fara da shi. Da yaƙi ya yi zafi aka riƙa sa wani mai sauƙin ƙira, ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da rami biyu, ɗaya na yadi 300 ɗaya na yadi 600, bayan yaƙi kuma aka riƙa cire shi ana mayar da mai murzawa. Duk abin da ka lissafa bakinsu ɗaya, babu wanda ya ƙaryata wani.

Malamin Tarihi, Haɗeja:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ina so in ja hankalin zaure zuwa baya kaɗan, domin bindiga mai shekara biyu ba baƙuwa ba ce a tarihin ƙasarmu. Rundunar da Lugard ya kafa, wadda ta shiga Kano a watan Fabrairu na 1903 ƙarƙashin Kanar Morland, ta kuma yaƙi Haɗeja a watan Afrilu na 1906 inda Sarki Muhammadu Mai Shahada ya rasu yana kare garinsa, makamin sojojinta na yau da kullum shi ne gajeriyar Martini-Enfield. Ita kanta gyararriya ce. Asalinta Martini-Henry, wadda Ingila ta fara amfani da ita a 1871, mai cin harsashi ɗaya babba, ana buɗe ta da wani hannu a ƙarƙashi. Daga 1895 aka riƙa cire tsohon bututun ana sa mata na .303. Shi ya sa a irin waɗannan za ka tarar da tambarin ƙira na asali da shekararsa a gefen dama, tambarin sauyawa da tasa shekarar kuma a gefen hagu. Wanda ya karanta gefe ɗaya ya tafi, rabin labari ya ɗauka. Ni a ganina duk wanda ya ga irinta a gidan tarihi ko a wata fada, ya kamata ya nemi izinin ganin gefen biyu.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta kama jabu, wato haɗa haruffan sarauta da shekara. A ƙarƙashin kambi ana buga VR a zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta rasu a watan Janairu na 1901, sai ER na Sarki Edward na bakwai har zuwa 1910, sai GR na Sarki George. Maƙeran yankin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun daɗe suna kwaikwayon Martini da Lee-Enfield da hannu har da tamburansu, kuma abin da ke tona su shi ne a ga VR tare da shekarar da Sarauniyar ta daɗe da rasuwa, ko a ga harafin N a juye a cikin sunan Enfield.

Yayar Mak 4, wato Mak 3 da aka fara a 1907, ta fi ta sauƙin karantawa, domin komai nata a gefen dama na zoben yake, a ƙarƙashin hannun sakata: kambi, haruffan sarki, sunan masana'anta, shekara, da samfuri. Idan akwai tauraro bayan III, samfurin da aka sauƙaƙa ne wajen 1916 don a hanzarta ƙira. Ta Lithgow daga Ostareliya take. Ta Ishapore kuwa ta Indiya ce, tana ɗauke da GRI a zamanin mulkin Ingila, bayan samun 'yanci kuma aka koma RFI da tambarin zakuna a maimakon kambi. Gyaran Indiya ya fi ba da wahala, domin sau da yawa sukan share tambarin asali su buga nasu.

Alhaji Ɗan Kasuwa, Maigatari:
Malam, Allah ya gafarta. Na karɓi bambancin da Malama ta kawo tsakanin aikin gwamnati da na ɗan kasuwa, amma ina nan a kan bakata cewa wanda ya sayar ya kamata ya faɗi garambawul ɗin da bakinsa kafin a yi ciniki, ba ya bar mai saye ya gano shi a hoto ba. Mu da ke bakin iyaka muna da dangi a ƙasar Damagaram waɗanda kakanninsu suka yi sojan Faransa, kuma na taɓa bin diddigin irin bindigoginsu. Ƙa'idar da Baba ya ba mu ta fara duba uwar bindiga ba ta tafiya daidai a can. A jikin Lebel za ka ga 1886 da M93, mutum ya ɗauka shekarar ƙira ce, alhali shekarar samfurin ce da shekarar da aka yi wa samfurin gyara. Shekarar aiki a kan bututu take, tare da harafin masana'anta, S na Saint-Étienne, C na Châtellerault, T na Tulle. Idan kuwa an canza bututun, shekarar sabon bututun ce za ka karanta, ta asalin ta tafi ke nan. Harafin N da ake gani a kan wasu yana nuna an gyara ɗakin harsashinsu don ya karɓi sabon harsashin 1932. Saboda haka sai an fara sanin ƙasar da ta ƙera kafin a san inda za a nemi shekara.

Malama Mai Nazarin Kayan Tarihi, Gwaram:
Wannan gyara ne mai amfani, Alhaji. Game da ta yayan Malam, idan zai rubuta mata kati, abin da ƙarfen ya tabbatar kaɗai zai rubuta: ƙirar BSA Shirley ta 1944 a matsayin Mak 1, an mayar da ita Mak 1/2 a Fazakerley a 1953 da sabon bututu da katako, daga baya aka sayar da ita ga farar hula. Maganar Bama ba ta da gurbi a katin sai an kawo takarda.

Malamin Tarihi, Haɗeja:
Na goyi bayan Malama, ko da yake na san ba abin da iyalin suka so ji ba ne. Tambari yana faɗin inda aka ƙera da inda aka gyara, amma ba ya faɗin wanda ya rataya ta a kafaɗa. Tsofaffin Mak 3 suna da ɗan faifan tagulla a gindi wanda ake buga sunan runduna a kai, amma Mak 4 ba ta da faifan ma sam. Ko da wani ya zana alama a katakon, katakon ya tafi a 1953. Bindigar da aka ƙera a Birmingham a 1944 tana iya zuwa Faransa, ko Italiya, ko Bama, tana kuma iya ƙare yaƙin a cikin akwati. A fagen Bama an yi amfani da Mak 3 da Mak 4 duka, kuma Mak 3 ta yi yawa a can saboda daga Indiya ake kai kaya, ita kuwa masana'antar Ishapore ba ta taɓa komawa ƙera Mak 4 ba. Malam na Ringim, idan kuna da hoton kakanku da makami a hannu, shi zai fi kusantar da ku ga gaskiya. Mak 3 katako ya rufe ta har baki, hancinta a dakushe yake da murfin ƙarfe, saitinta na baya yana tsakiyar bututu, wuƙarta kuma doguwa ce mai inci 17. Mak 4 bututunta ya leƙo waje, saitinta yana can baya kusa da ido, wuƙarta kuma ɗan tsinke ne gajere.

Jikan Ɗan Bama, Ringim:
Allah ya gafarta Malam, akwai hoto ɗaya a wurin gwaggonmu, kuma na je na ɗauko shi a waya. Kakanmu yana tsaye da gajeren wando da hula mai faɗin baki, gindin bindigar a ƙasa kusa da ƙafarsa. Hancinta a dakushe yake, katako har baki, babu bututun da ya leƙo. Ke nan Mak 3 ce a hannunsa, aƙalla a ranar da aka ɗauki hoton. Na sanar da yayana, ya ce zai riƙe wadda ya saya da katin da Malama ta tsara, zai kuma koma wurin mai sayarwar ya nemi ya janye maganar Bama daga takardar ciniki. A hannun rigar kakanmu, kusa da kafaɗa, akwai wani ƙyalle mai zane zagayayye da wasu layuka biyu da suka gitta juna, sai dai hoton ya tsufa, ban iya tantance shi ba.

Malamin Tarihi, Haɗeja:
Wannan ƙyallen zai gaya muku abin da bindigar ba za ta iya ba. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma aka kai Bama. Ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, ta 82 kuma mashi biyu ne da suka gitta juna a kan gammo, saboda da kai aka riƙa ɗaukar kayan yaƙi a dazukan da mota ba ta shiga. Abin da ka kwatanta ya fi kama da na 82, wadda birged biyu daga cikin ukunta na Najeriya ne. Ta shiga fagen Arakan a ƙarshen 1944, kuma tare da ta 81 suka karɓi garin Myohaung a watan Janairu na 1945, sunan da har yau wani barikin soja a Legas ke ɗauke da shi. Ka sake ɗaukar hoton da rana a inuwa, ba tare da filashi ba, ka matso da wayar kan kafaɗar. Ka kuma tambayi gwaggo ko littafin sallamarsa daga soja yana cikin adakarta, domin a ciki ake rubuta lambarsa da bataliyarsa.